Wutsiyar Shaho

Tun ba a sauke tukunyar alkama da zuma daga murhu ba, labari ya iso gidan marigayi Safron Lukich cewa tsohon nan na kan duwatsu yana tafe. Akulina ce ta kawo shi, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, ta faɗo ɗakin girki tana haki, ɗankwalinta ya zame har ƙeya.

"Fedosiya, kina nan kina fama da tuyar waina, ga Esenkul can an gan shi ya gangaro ta wajen maniƙa! Shi kaɗai, a kan wata goɗiya da ta girme shi. Ki ce na gaya miki, ba cin alkamar mamaci ya kawo shi ba."

Fedosiya ta ajiye ludayi a hankali. Yau ne arba'in ɗin mijinta. Ta yi tsammanin kuka da addu'a da cikar gida da mayunwatan dangi, amma ta mance da wannan baƙon, ko kuma ta so ta mance.

"Gaisuwa ya zo," ta ce, ba don ta yarda ba.

"Gaisuwa? Ke ma dai! Wanda gwamnati ta yanka makiyayarsa ta ba ku kuka shuka alkama, shi zai sauko da makafin idanunsa don ya ce miki sannu? Banza ba ta kai zomo kasuwa, 'yar'uwa."

"Bakinki kamar ƙararrawar coci, Akulina, ko ba a ja igiya ba sai ya buga."

"Ya buga ɗin. Ki dai tuna layin wa ne."

Ai ta tuna. Safron da Esenkul tamir ne, wato amincin nan na Kirgizawa wanda in aka ƙulla shi, duk abin da ɗaya ya nuna a gidan ɗan'uwansa ya ce yana so, ba a cewa a'a. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Esenkul ya taɓa tafiya da bindigar Safron, ya taɓa tafiya da tukunyar shayi ta tagulla wadda Fedosiya ta ɗauko a kanta tun daga gidan ubanta, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Safron kuma ya karɓo tumaki, ya karɓo bargon ulu, a ƙarshe ya roƙi wata fadama ta yankan ciyawa aka ba shi. Shi ne ya roƙa na ƙarshe. Saura Esenkul. Kuma me ya rage a gidan nan da zai tsole wa Bakirgize ido in ba Hankaka ba?

Hankaka shi ne dokin Safron, baƙi ƙirin, mai faɗin ƙirji, shi kaɗai ke iya jan garmar ƙarfe a wannan ƙasa mai tsakuwa. Dusar ƙanƙara ta fara janyewa daga gonaki, huɗa na bakin ƙofa. In babu Hankaka babu alkama, in babu alkama sai su koma abin da suka fito, mabarata a kan hanya.

Ita kuwa ta san hanya. Wayyo, ta san ta kamar yunwar cikinta! Tana amarya Safron ya tashe ta daga ƙauyensu na yankin Tambov a shekarar fari da yunwa, ya ce ya ji labarin wata ƙasa a gabas inda tuffa ke ruɓewa a gindin bishiya don ba mai tsinka. Mutum ne dogo mai jan gemu, mai idanu kamar kullum yana hango wani gari a bayan wanda yake ciki. Ta bi shi don tana son sa, kuma da zai tashi daga kabari yau ya ce ta ɗaura kaya, da ta ɗaura. Suka yi damina ɗaya a Orenburg yana sauke kayan 'yan kasuwa. Suka yi sanyi biyu a kusa da Barnaul, inda suka binne 'yarsu ta fari a ƙasar da sai da aka hura wuta a kanta kafin ta haƙu. Ta biyu a gefen hanyar Semipalatinsk suka bar ta, ba ko gicciyen kirki, sai karan ƙafar keken doki da Safron ya ɗaure da igiya. A mashigin dutsen da ke gangarowa tafkin Issik-Kul dokinsu ya faɗi ya mutu, Fedosiya na da tsohon ciki, iska na yanka kamar aska. Nan Esenkul ya same su. Ya sauka daga goɗiyarsa ya miƙa wa Safron ragama, bai ce komai ba don ba su jin bakin juna. Wannan goɗiyar ce uwar Hankaka, ita ce kuma uwar ƙaninsa Shaho, siririn doki mai gudu wanda ɗansu Tihon ya raina da hannunsa tun yana duƙushi.

Duk wannan Fedosiya ba ta mance ba. Sai dai ita a ganinta alherin da ba a faɗi dalilinsa ba yana nan yana jiran ranarsa. Sau nawa ta ce wa Safron, "Mutumin nan lissafinmu yake yi." Shi kuma sai ya yi dariya ya ce, "Ke ko rana ta fito sai kin tambaye ta wa ya aiko ta."

Ta goge hannu ta fita tsakar gida. Tihon na can yana ƙoƙarin ɗaura wa Shaho keken doki, zai je ƙauyen gaba ya ɗauko Fada Yermolai don addu'ar arba'in, tun da nasu ƙauyen ba shi da limami. Saurayi ne ya haura ashirin, ya ɗauko tsawon ubansa, ya kuma ɗauko wautarsa ta son mutanen dutse. Bakinsu yake ji kamar a tantinsu aka yanke masa cibi. In ya ji wa ke tafe, ba zai motsa ba.

"Kwance shi," ta ce. "Ɗaura Hankaka."

"Inna, hanya ta bushe, Shaho zai kai ni ya dawo da ni kafin wainarki ta huce."

"Ka taɓa ganin Fada Yermolai kuwa? Shi kaɗai buhun alkama uku ne, ban da gemu. So kake ka karya wa ɗan dokinka baya?"

Tihon ya yi dariya, karon farko tun rasuwar. Dariyar ta soke ta a ƙirji, amma ba ta fasa ba.

"Kuma ka bi ta bayan amyoyin zuma," ta ƙara. "Gadar maniƙa ta yi laushi."

"Jiya na bi ta kanta."

"Yau na ce ta yi laushi. Uwarka ce ni ko abokiyar gardamarka?"

Ya dube ta jim kaɗan, ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da Shaho barga. Ƙarar ƙafafun keke ba ta gama ɓacewa ta bayan gida ba, karnuka suka fara haushi ta gaba.

Esenkul ya tsufa fiye da yadda take zato. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sun koma kamar nono a ƙwarya, goɗiyar ce ta san hanya ta kawo shi. Ya sauka yana lalube, ya tsaya a ƙofar gida da hular fatarsa a ka, ya ɗaga murya da wani irin kuka na maza, yana kiran "ɗan'uwana, ɗan'uwana" da bakinsu. Matan da ke fere dankali suka yi alamar gicciye. Akulina ta matso ta raɗa, "Dubi yadda ya iya. Ko ɗigon hawaye kin gani?"

Fedosiya ta duba. Akwai hawaye, suna bin ramukan fuskarsa har cikin siririn gemunsa. Amma ai iskar dutse ma kan sa ido ruwa.

Ta shigar da shi, ta zaunar da shi nesa da kusurwar hotunan waliyyai, ta zuba masa shayi. Ya karya gurasa ya ci kaɗan, ya ɗanɗana alkama da zumar. Da Rashancinsa mai ɗingishi, wanda a bakin Safron ya koya har da zage-zagen, ya tambayi yadda aka yi. Ta gaya masa: sanyi ne ya kama shi a ƙirji, ya kwanta, bai tashi ba.

"Ya yi magana a ƙarshe?"

"Ya ce a rufe amyoyi da kyau."

Esenkul ya gyaɗa kai, kamar wannan ce maganar da ta dace mutum ya bari. Sannan ya kifa kofinsa.

"Matar ɗan'uwa, ina dokinsa?"

To, ga shi nan. Fedosiya ta ji wani ɗan daɗi mai ɗaci na wanda zarginsa ya tabbata. Akulina ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Yana barga."

"Kai ni. Ki ɗauko sirdinsa ma."

Har da sirdi! Ta ɗauko, ta ce a ranta ya tafi da shi, fata ce da itace. In dole sai an yanki wani abu daga gidan nan, gara a yanki ɗan yatsa da a yanki hannu. Tihon zai yi fushi, zai huce. Dokin sukuwa ba ya cika rumbu. Ta jawo Shaho tsakar gida, mata suka fito suka yi cirko-cirko.

Tsohon ya ɗora tafinsa a wuyan dokin. Ya shafa a hankali, ya gangara kafaɗa, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Ya rame."

"Tun da maigidansa ya kwanta ba ya cin kirki."

"Haka suke," in ji Esenkul. Ya juyo da fararen idanunsa saitin muryarta. "Kin tabbata, matar ɗan'uwa? Hannuna ya tsufa kamar idona. Bakinki zan bi."

"Ran arba'in ɗin mijina zan tsaya in yi maka ƙarya?"

Bai ƙara tambaya ba. Ya karɓi sirdin ya ɗora, amma sai ya juya shi, gaba ya koma baya. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta buge mata baki. Fedosiya ta buɗe baki za ta ce masa ya yi kuskure, sai ta ga yadda yake jan majayi da natsuwa, ta gane da gangan ne. Ya rungume wuyan Shaho ya fara waƙa ƙasa-ƙasa, tana jin sunan Safron yana fitowa yana nutsewa a ciki. Ya lallaɓa ta gefen dokin har bayansa. Ya zaro wuƙa daga ɗamara, ya naɗe wutsiyar a hannun hagu, ya yanke ta daidai gwiwa.

Baƙin gashin ya zube a ƙasa kamar an kwance kitson wata.

"Ubangiji ka yi mana rahama!" Akulina ta kwarma ihu. "Tsafi ne! A gabanmu, da rana tsaka! Ku kira maza!"

"Me ka yi?" Fedosiya ta ce. "In ɗauka ka zo yi ka ɗauka, mene ne na wulaƙanta dabba?"

"Ɗauka?" Esenkul ya goge wuƙar a hannun rigarsa. "Wa ke ɗaukar dokin mamaci? Takaba na sa shi. Ba mai hawansa, ba mai ɗaura masa kaya har shekara ta kewayo, sannan a yanka shi mutane su ci, ɗan'uwana ya sami abin hawa a can. Ku ba ku yi wa naku. Ni zan yi wa nawa."

Fedosiya ta dafa ƙirji. Ashe ba ta yi kuskure duka ba! Da Hankaka ne, da shekara guda zai yi yana cin ciyawa a banza gona na kwance, a ƙarshe a tafasa shi a tukunya kamar rago. Ta ji kamar ta durƙusa ta gode wa Allah da ya ba ta wayo. Tana cikin wannan ne ta ji ƙarar keke.

Tihon ya shigo da Hankaka yana kumfa a ƙirji, Fada Yermolai ya cika kujerar baya yana riƙe da hularsa. Hankaka ya hango ƙaninsa ya yi haniniya, irin tasa mai kauri da ke fitowa kamar daga cikin rijiya. Esenkul ya ɗaga kai kamar an kira sunansa.

"Baba Esenkul!" Tihon ya diro da murna, hannu biyu a miƙe. Sai ya ga sirdin a juye. Sai ya ga abin da ke ƙasa. Hannayensa suka sauka a hankali.

Ya yi magana da bakin Kirgizawa, gajeriya. Tsohon ya amsa. Tihon ya sake cewa wani abu, ya nuna ƙirjinsa. Wuƙar ta suɓuce daga hannun Esenkul ta faɗi a kan tsakuwa.

"Ku yi maganar da mutane ke ji!" Fedosiya ta daka tsawa. "Tihon, me yake cewa?"

"Inna, ke kika ce masa Shaho na Baba ne?"

"Na ce. Don cikinka na ce, don gonar ubanka. Wutsiya ce, za ta tsiro."

"Dokin matacce ake yi wa haka, Inna. In aka yi wa na mai rai, an gama shelar mutuwarsa ke nan. A kan dutse mutum kan kashe mutum a kan wannan." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kin sa an yi mini arba'in tare da Baba."

"Camfin mutanen tanti!" Fada Yermolai ya ce yana saukowa da ƙyar. "Kirista ba ya mutuwa don gashin dabba. Fedosiya Ilinishna, kawo ruwa in yi addu'a in yayyafa, mu shiga ciki, tun safe ban karya ba."

Ta ji shi, ta kuma so ta yarda. Amma ita ce ta binne biyu a hanya, kuma duk biyun an yayyafa musu ruwan. Ta dubi ɗanta, tilon da ƙasar nan ta bar mata, yana tsaye da wuyansa dogo irin na Safron. Ta kama hannun rigar tsohon, rigar da ke warin hayaƙi da nonon goɗiya, wadda a da ko a kujerarta ba ta son ta taɓa.

"Warware shi. Kai ka ɗaura, ka warware. Ga Hankaka nan, yanke tasa, yanke gezar ma, ka yanka shi yau in kana so!"

Esenkul ya zare hannunsa. Bai yi da ƙarfi ba, amma ya zare.

"Abin da wuƙa ta raba ba ya komawa. Kuma hannun nan ya gama riƙe wuƙa a gidanki. Na tambaye ki sau biyu."

Ya tsuguna yana lalube har ya tattara gashin duka, ya cusa a ƙirjin rigarsa. Ya miƙe. Sannan ya juya wajen Tihon, ya yi magana da Rashanci don kowa ya ji.

"Yaro, ubanka ne ya roƙa na ƙarshe. Saura ni. Kai ne maigida yanzu. Ina son dokin nan."

"Baba…"

"Tamir ba ya cewa a'a. Ka ce ka ba ni, da ƙarfi, a ji."

Tihon ya matso. Ya shafa hancin Shaho, dokin ya cusa kai a hammatarsa yana neman gishiri kamar kullum.

"Na ba ka."

"To, ku shaida, har da kai mai gemu. Daga yau ba dokin Tihon ba ne. Nawa ne. Mutuwar da za ta zo neman mai dokin nan, ta hau dutse ta tambayi tantin Esenkul. Na daɗe ina jiran ta, ba za ta sha wuyar nema ba."

Ya cire sirdin Safron ya ajiye a ƙasa, ya ɗora nasa, wannan karon daidai. Ya ɗaure tsohuwar goɗiyarsa a baya. Ya sa ƙafa a likkafa, ya haye. Bai yi sallama da Fedosiya ba, bai kuma koma ya ƙarasa shayinsa ba. Tihon ya raka shi har bakin hanya, ya dawo ya wuce uwarsa kamar ginshiƙi, ya shiga kwance wa Hankaka keke.

"Kin ga hawan nan kuwa?" Akulina ta raɗa mata suna komawa ciki. "Tsalle ɗaya! Makaho, wai. Kuma bara ba a kan Hankaka Safron ya hau wurinsu ba? Bakirgizen da zai shafa doki ya kasa gane shi, ai ba a haife shi ba. Ya ga kin yi masa wayo, ya yi miki wanda ya fi. Ya tafi da dokin da ya fi kowanne gudu a kwarin nan, har kina riƙe masa riga kina roƙo."

"Rufe mini baki, Akulina."

"Na rufe. Wutsiya dai, kamar yadda kika ce, tsirowa take."

Aka yi addu'a, aka ci waina, Fada ya ci ta mutum uku. Da sati ya kewayo Hankaka ya shiga gona, garma ta tsaga ƙasa baƙa mai tururi, Tihon na biye da shi daga safe har yamma. Yana gaishe ta, yana cin abin da ta dafa, amma dariya ta ƙaura daga gidan. In ya yi tari sau ɗaya a tsakar gida sai ta saki abin da ke hannunta ta fito da gudu.

Ta kuma koyi wata sabuwar ɗabi'a. Duk ranar da Kirgizawa suka sauko maniƙa da buhunansu, sai ta sami dalilin zuwa. Ta tsaya gefe da 'yar ƙwaryar garinta, har ta ga wanda ke jin Rashanci.

"Tsohon nan Esenkul, yana lafiya?"

"Garau, uwa. Jiya ma an gan shi a kan guntun dokinsa, yana tsere da samari."

Sai ta ce madalla, ta juya. A hanyar gida takan yi alamar gicciye sau da yawa, don ba ta san amsar da ta je nema ba, lafiyarsa ko mutuwarsa, kuma tana tsoron ranar da za ta sani.